Yadda na ja wutar lantarki sabon gida, daga sayen waya har ɗaura mita

Duk wanda Allah ya ba ikon ɗora bulo a kan bulo zai samu masu ba shi shawara har su yi masa yawa: wane siminti, wane kwano, wane magini. Amma da an zo maganar wuta sai kowa ya taƙaita, a ce nemo mai wayarin kawai. Haka aka ce mini a daminar 2023, lokacin da ɗan gidan da nake ginawa a bayan gari, ɗaki uku da falo da kicin da banɗaki biyu, ya kai ga rufi ana shirin filasta. Daga nan har ranar da aka ɗaura mini mita na bi matakai da dama waɗanda ba wanda ya taɓa jera mini su. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta su yadda suka zo, musamman saboda ma'aikaci irina mai gini da albashi, wanda ba shi da kuɗin yin aiki ɗaya sau biyu.

Kafin a sayi ko ƙusa, sai an zaɓi mai aiki. Wani abokin aikina da ya riga ni tarewa ya ja mini kunne cewa in tambayi takarda kafin in tambayi farashi, domin fom ɗin da ofishin wuta ke bayarwa yana da gurbin da sai mai lasisi ne zai sa hannu ya buga hatimi. A unguwarmu akwai samari da yawa da suka koyi aikin a hannun iyayen gidansu, wasunsu ma hannunsu na da kyau ƙwarai, sai dai ba su da takardar. Hukumar da ke tantance masu wannan sana'a da duba ingancin aikin lantarki a Najeriya ita ce NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015. Na samu wani magidanci da ya yi kwalejin fasaha kuma yake riƙe da shaidar hukumar. Kuɗin aikinsa ya ɗara na samarin nesa ba kusa ba, har sai da na yi jim. Amma da na lissafa cewa in yaro ya yi aikin dole in sake biyan mai lasisi ya zo ya duba, kuma ba kowane mai lasisi ke yarda ya sa hannu a kan abin da aka riga aka rufe da siminti ba, sai na ga gara in biya sau ɗaya in huta.

Ranar da ya fara zuwa ya zagaya gidan bai ce komai ba, sai da za mu rabu ya ce, "Maigida, gobe ka zo da uwargida. Ita ta san inda firiji zai zauna da inda take guga, ba kai ba." Haka aka yi. Ya bi ɗaki-ɗaki da guntun gawayi yana zana wurin makunni da soket da fanka, yana tambayar kayan da muke da su da waɗanda muke burin saya nan gaba. Daga nan ya tsaya jikin bangon falo ya yi wani lissafi da har yau nake amfani da shi. Wutar da ke shigowa gidaje a ƙasar nan ƙarfin turawarta wajen bolt 230 ne. Kowane kayan wuta an rubuta a jikinsa wat nawa yake ci. In ka raba wat ɗin da 230 sai ka samu yawan wutar da za ta bi ta cikin waya, wadda ake aunawa da amfiya. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan amfiya 4 da ɗoriya, hitar ruwa mai wat 2,000 tana jan kusan 9, ƙwan fitila na zamani mai wat 10 kuwa ko cikin lissafi ba a cika sa shi ba. Da wannan ake zaɓen kaurin waya. Ana auna kaurin da murabba'in milimita, amma a kasuwa lambar kawai ake faɗa: 1.5 ta fitilu da fanka, 2.5 ta soket, 4 ta na'urar sanyaya ɗaki da hitar banɗaki, 6 ta murhun lantarki. Na tambaye shi me zai faru in an sa siririya inda ake buƙatar mai kauri, tunda dai wutar za ta wuce. Ya ce, "Garke guda ne ka kora ta burtalin da bai fi na saniya biyu ba. Za su wuce, amma da turereniya, kuma shingen gefe ne zai ji jiki." A waya turereniyar zafi take zama, kuma robar da aka lulluɓe wayar da ita ba a yi ta don ta daɗe cikin zafin da ya wuce digiri 70 ba. In ta yi ta gasuwa sai ta ƙandare, ta tsattsage, ranar da wayoyi biyu suka taɓa juna a cikin silin sai a ce gobara daga wutar lantarki.

Aikin farko a bango shi ne fasa hanya da binne bututun roba da akwatunan soket, kafin magina su shafe da filasta. Abu biyu na lura yana yi. Bututunsa ba ya karkacewa: ko ya miƙe sama daga makunni, ko ya bi a kwance, don duk wanda zai kafa ƙusa nan gaba ya iya hasashen inda waya take. Sannan ya toshe bakin kowane bututu da takardar buhun siminti, saboda kwaɓaɓɓen siminti in ya faɗa ciki ya bushe, sai an sake fasa bango. Ya sa na ɗauki hoton kowane bango da wayata kafin a rufe. Hotunan nan sun yi mini rana daga baya lokacin kafa kabad ɗin kicin. Bayan nan aiki ya tsaya har filasta ta bushe, ni ma na samu sararin tara kuɗin waya, wadda ita ce ta cinye kaso mafi tsoka a duk kayan da na saya.

Don sayen wayar muka yi takakkiya zuwa Kano, ni da shi, layin Faransa Road da ke Sabon Gari, inda shagunan kayan lantarki suke jere. Ya so in ba shi kuɗi ya je shi kaɗai don rage mini kuɗin mota, na ce a'a, zuwa da kai ya fi aike. A shagon wani dattijo da ya saba sayayya muka zauna. Da dattijon ya ji ina mamakin bambancin farashin da nake ji a gari, sai ya sa yaronsa ya ɗauko nadi biyu na jar waya, ɗaya daga kan kanta, ɗaya daga wani kwali da ya ce yana ajiye da shi ne don nuna wa masu saye irina. Dukansu an rubuta 2.5, dukansu da leda mai sheƙi. Ya ɗora ta farko a sikeli, ta tasam ma kilo uku, domin nadi mai tsawon mita 100 na 2.5, jan ƙarfen da ke cikinsa kaɗai ya haura kilo biyu. Ya ɗora ta biyu, allurar sikelin ko kusa ba ta je ba. Ya yanki ɗan guntu, ya feƙe robar, ya kankare ƙarfen da bakin wuƙa, sai ga fari fat a ƙarƙashin jan. Alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Ya zare sili ɗaya ya kunna masa leta, nan take ya lanƙwashe ya zube, alhali na wayar kirki baƙi kawai ya yi ya tsaya cak. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, jan ƙarfe sai ya haura 1,000. Ya ce, "Alhaji, akwai wadda ta fi wannan muni, baƙin ƙarfe ne a ciki, mayen ƙarfe na kama ta. Akwai kuma mai jan ƙarfe na gaske amma an rage kauri, ko an rage tsawo. Araha ba ta ado." Kamfanonin waya na gida irin su Cutix da Coleman da Nigerchin da Kabelmetal sanannu ne, kuma ana duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, a jikin kaya, sai dai mai jabu ma ya iya buga suna da tambari. Sikeli da wuƙa ne ba a yi musu dabara. Na sa aka auna kowane nadi a gabana, aka rubuta mini rasit mai sunan shago.

A mota muna dawowa na ce masa, to in alminiyam ba shi da kyau, me ya sa wayoyin kan falwaya duk shi ne? Ya ce alminiyam bai yi laifin komai ba. A cikin ƙarafa, azurfa ce wuta ta fi bi cikin sauƙi, sai jan ƙarfe, sai zinariya, sai alminiyam, wanda a kauri ɗaya yake ɗaukar kashi 60 da 'yan kai cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka. Amma nauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na jan ƙarfe ba, ga araha, don haka a kan falwaya sai a ƙara masa kauri a ja shi nesa. Matsalar ita ce a sayar maka da shi a kaurin jan ƙarfe, ka ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Abin da na tuna daga darasin kimiyyar sakandare ya zo daidai da bayaninsa: kowane abu yana da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira elektaron. A ƙarafa wasunsu a sake suke, da an tura su sai su gudana, gudanar nan ita ce wutar. A roba da gilashi da tangaran da busasshen katako kuwa a ɗaure suke tamau, ba sa motsi. Duk wayarin ɗin gida a kan wannan bambanci aka gina shi, ƙarfe a ciki don wuta ta bi, roba a waje don kada ta bi wani wurin. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne jikin ɗan Adam yana cikin abubuwan da wuta ke bi, haka ma ruwan famfo da na rijiya saboda gishirin da ke narke a cikinsu, haka ɗanyen itace, haka daɓen siminti mai laima. Katakon da ya kare ka yana bushe, in ruwa ya jiƙa shi ya tashi daga kariya.

Zura waya bai ɗauki lokaci ba tunda bututun a buɗe suke. Ya yi amfani da launukan da aka fi sabawa da su a nan: ja mai ɗauke da wuta, baƙa ta dawowa wadda suke kira nutural, kore ta ƙasa wadda suke kira atin. A igiyoyin kayan da ake shigowa da su za ka ga wani tsarin, ruwan ƙasa maimakon ja, shuɗi maimakon baƙi, kore mai ratsin rawaya na ƙasa, ya kamata a san duka biyun. Bai yarda a yi haɗi a cikin bututu ba, kowane haɗi a cikin akwati yake, an ɗaure da mahaɗi mai noti, ba murɗe wayoyi biyu a naɗe da salatif ba. Makunni kuma a kan jar waya yake, don in an kashe fitila mariƙin ƙwan ya zama ba wuta. A akwatin bireka, wato makunnan da ke yanke wuta da kansu in ta yi yawa, ya raba gidan layi-layi, fitilu a kan mai amfiya 10, soket a kan mai 20. Na so a sa manya gaba ɗaya don kada su riƙa faɗuwa, ya ƙi. Bireka wayar take karewa, in ta fi ƙarfin wayar to wayar ce za ta ƙone ita tana tsaye. Wannan shi ne abin da ke faruwa a gidajen da in fis ya ƙone ake maye gurbinsa da waya mai kauri ko ƙusa.

Ramin atin ne ya fi ba ni mamaki, don na ɗauka ƙarfe ne kawai za a kafa a bayan ɗaki. Ya zaɓi wurin da ba ya rabuwa da laima, kusa da inda tankin ruwa zai zauna. Aka haƙa rami, aka buga sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe wajen ƙafa shida har ta nutse, aka zuba gawayi da gishiri ana haɗawa da ƙasa ana yayyafa ruwa. Bai sa gishirin da yawa ba, ya ce yana taimaka wa ƙasa ta karɓi wuta amma yana cin sandar a hankali. Ya bar ɗan murfi a saman don a iya ganin mahaɗin, a kuma zuba ruwa da rani. Amfaninsa shi ne, in jar waya ta taɓa jikin firiji ko injin ruwa, wutar ta bi koriyar waya zuwa ƙasa maimakon ta jira mai taɓawa. Sai dai ƙasarmu ta arewa in ta bushe a watan Maris da Afrilu ba ta karɓar wuta sosai, don haka wadda za ta bi ta atin ɗin ba lallai ta isa ta kayar da bireka ta yau da kullum ba. Saboda haka ya sa na sayi wata bireka ta daban mai gano yoyon wuta. Ita tana kwatanta abin da ya fita ta jar waya da abin da ya dawo ta baƙa, in aka samu giɓin da ya kai kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Wutar da za ta iya tsayar da zuciyar mutum ba ta kai ko amfiya ɗaya ba, bireka mai amfiya 20 ba za ta ma san wani abu ya faru ba. Na yi ƙorafin tsadarta a ranar, yau kuwa in aka ce in zaɓa tsakaninta da fitilun adon falo, fitilun zan bari.

Kafin ya sa hannu a komai ya kawo wata na'urar gwaji da suke kira mega, mai tura bolt 500 cikin wayoyin gida ba tare da an haɗa wuta ba, don a ga ko robar tana tare wuta yadda ya kamata. Abin da ake so kada awon ya gaza om miliyan ɗaya, om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta. Kowane layi ya wuce sai na fitilun ɗakin yara. Ya sake gwadawa, bai canza ba. Yaronsa ya hau cikin silin da tocila, can sai muka ji ya ce, "Oga, ga ta nan." Ƙusar kafinta ce ta huda bututun ta yanki robar jar wayar, yankan bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba, jan ƙarfen na leƙowa yana goge da ƙusar, ita kuma tana cikin katakon rufi. Da an kunna fitilar ɗakin za ta kama lafiya lau, ba wanda zai san da zancen. Aka zare wayar gaba ɗaya aka zura sabuwa. Duk wanda mai wayarinsa ya ce masa ya gama, gwajinsa kawai shi ne ya tada janareta ƙwai ya kama, to bai gama ba.

Sai zuwa ofis. Tun watan Nuwamban 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, ko da yake har yau in an ɗauke NEPA muke zagi. Na Kano shi ke da Kano da Katsina da Jigawa. Na Kaduna yana da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Na Jos yana da Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai. Na Yola yana da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe. Na Abuja kuma ya haɗa da Neja da Nasarawa da Kogi. Ofishin yankinka za ka je, ba hedikwata ba. Tun daga bakin ƙofa 'yan cuwa-cuwa suka tare ni, "Alhaji, mita ce? Kawo mu shigar maka, kwana biyu an gama." Na wuce su zuwa teburin kula da masu hulɗa. Abin da aka nema a wurina: fom ɗin neman sabon layi wanda mai lasisi ya sa wa hannu da hatimi, hotunan fasfo, kwafin katin ɗan ƙasa, kwafin takardar filin, da lambar waya. Sun kuma tambayi lambar mitar maƙwabci mafi kusa don su gane taransifomar da za a ɗora ni a kai, a tafi da ita a rubuce. Zaman layi ya ci mini rabin yini, mafi yawan mutanen da ke benci ƙorafin bil suka kawo, kowa da damin takardu. Na yi kwafin komai kafin in miƙa, na sa aka buga mini hatimin karɓa a kan nawa.

Bayan wani ɗan lokaci ma'aikata biyu suka zo duba gida. Suka buɗe akwatin bireka, suka leƙa ramin atin, suka ƙirga kayan da za a yi amfani da su, suka ce mita mai layi ɗaya ta ishe ni, ba sai mai uku ba. Suka auna nisa zuwa falwaya suka rubuta mini kayan da zan saya, babba a ciki wayar alminiyam mai lamba 16 da za ta taso daga falwaya zuwa gida. Kayan haɗin ni na saya, amma falwaya da taransifoma ba a wuyan mai gida suke ba, NERC, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin wuta, ta sha nanata cewa na kamfani ne. Muna tsaye a gindin falwayar ne babban cikinsu ya nuna wa yaron maginin da ke wucewa da dogon rodi a kafaɗa sama, ya daka masa tsawa ya kwantar da shi. Wayoyin nan tsirara suke, ba roba. Abin da ke raba su da mu iska ce kawai, da kuma kaskon tangaran ɗin nan da ake ɗaure su a kai don kada wuta ta gangaro ta jikin turken. Ukun sama bolt 11,000 suke ɗauke da shi, kuma wuta mai irin wannan ƙarfi ba ta jiran a taɓa ta, in ƙarfe ya matso kusa tana iya tsallakowa. Tsuntsu yana sauka a kai lafiya ne don waya ɗaya yake taɓawa, ba ya taɓa ƙasa ko wata wayar. Ya ƙara da cewa doka ta hana gini a ƙasa da mita 5.5 daga kowane gefe na layin 11,000 da na 33,000, mita 15 ga na 132,000, mita 25 ga na 330,000. Mai shirin sayen fili ya ɗaga kai sama kafin ya biya.

Kuɗin mita na biya a banki, cikin asusun da aka rubuta a takardar da ofis ya ba ni, ba a hannun kowa ba. A lokacin farashin da NERC ta sanar a Satumban 2023 ne ke aiki: naira 81,975 mai layi ɗaya, naira 143,836 mai uku, in an ɗora harajin kashi 7.5 mai layi ɗaya ta haura naira 88,000 kaɗan. Daga watan Mayun 2024 an sakar wa masu kawo mita mara su yi gasar farashi, don haka a tambayi na yanzu. Ƙa'ida ta ce a ɗaura cikin kwanakin aiki goma bayan biya. Nawa ya wuce haka, kuma a wannan jiran ne na fi jin takaici, ga gida an gama, ga kuɗin haya na neman ƙarewa, ga hunturu ya shigo. Wasu maƙwabta suka ce in sa yaro ya rataya mini waya da dare kafin mitar ta zo, kowa ma haka yake yi. Ban yi ba, domin bayan tarar da ke biyo baya, wayar ratayen ba ta bi ta kowace kariya. Muka tare da ƙaramin janareta da fitilun sola. Na rubuta takardar tuni ga sashen ƙorafi, na haɗa da kwafin rasit, aka buga mini hatimi. Da ba su motsa ba, mataki na gaba shi ne ofishin sauraron ƙorafi na NERC, amma ba a kai ga haka ba, aka kira ni.

Ranar ɗaurawa na kira mai wayarina ya tsaya a kansu, kuma ya yi amfani. Mitar a saman falwaya aka kafa ta cikin akwati, aka ba ni ɗan allon dannawa da ake sawa a soket a cikin gida. Inda wayar alminiyam ta haɗu da ta jan ƙarfe ya dage sai an sa mahaɗin da aka yi don ƙarafan biyu, domin in aka murɗe su tare laima ta shiga, alminiyam ɗin yana cinyewa, haɗin ya yi sako-sako ya riƙa zafi. Yawancin wutar da ke kyaftawa a gida ɗaya alhali maƙwabta lafiya, daga irin wannan haɗi take. Na rubuta lambar mitar a takarda, na sayi katin farko, na danna lambobi 20, yunit ya shiga. Yunit ɗaya shi ne kayan wat 1,000 ya yi awa ɗaya yana aiki, wato gugar awa guda. Kuɗinsa ya danganta da rukunin layinka: rukunin A alƙawarinsa awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. A Afrilun 2024 aka kai na rukunin A naira 225 kowane yunit. Mu muna C, a takarda dai.

Bayan tarewa abubuwa kaɗan suka rage waɗanda zan so mai sabon gida ya kula da su. Janareta ta makunnin canji ake haɗa shi, wanda ke raba gida da layin waje gaba ɗaya. Masu soka shi kai tsaye a soket suna tura wuta baya zuwa falwaya, inda wani bawan Allah zai iya kasancewa yana gyara da tabbacin an ɗauke. Hitar bokiti, wadda ke yawaita da sanyi, na kafa doka a gida cewa ba a sa hannu a ji ɗumin ruwa sai an zare ta daga soket, kuma ba a bokitin ƙarfe ba. Birekar yoyon nan tana da ɗan maɓallin gwaji, nakan danna shi lokaci-lokaci in ga ta faɗi. Da damina ta dawo birekar ta yi aikinta na gaske: ana yin ruwa sai ta yanke gidan duka. Muka bi layi ɗaya bayan ɗaya har muka kai ga injin ruwa, inda wanda ya kafa shi ya ƙara tsawon igiya da haɗin salatif ya bar shi a ƙasa, daidai inda yara ke tsayawa ba takalmi suna tarar ruwa. Aka sauya igiyar da doguwa marar haɗi, aka ɗaga ta daga ƙasa cikin bututu.

Abin da har yanzu nake bibiya shi ne kuɗin mitar. A tsarin da na biya, ƙa'idar NERC ta ce ana mayar wa mutum kuɗinsa kaɗan-kaɗan ta hanyar ƙarin yunit idan ya sayi kati, don haka rasit ɗin banki da takardar ɗaurawa suna nan a cikin fayil tare da fom mai hatimi da rasit ɗin waya. Duk sayen da na yi nakan duba ko an ƙara, in rubuta a bayan fayil ɗin. Lissafina da nasu bai zo ɗaya ba tukuna, na kuma riga na rubuta takardar da zan kai a kan haka, kwafi biyu, ɗaya tasu ɗaya ta hatimi.